Nei Tekarei da Sulken Igiyar Kwakwa

Wanda aka kwashe wa kayan kakanninsa, aka dawo masa da hotonsu, godiya zai yi ko fushi? Na daɗe ina juya tambayar nan, ban sami amsa ba. Nei Tekarei kuwa, mai kula da ɗakin karatunmu, ba ta tsaya jiran amsa ba.

Shekara da shekaru, hantsi na yi za ta rufe ɗan ɗakin karatunmu na tsibirin Beru, ta naɗe kwamfuta cikin tabarma, ta ɗaure a bayan keke, ta bi ƙauyuka. A ciki akwai hotunan kayanmu da gidajen tarihin ƙetare suka sa a intanet. Tsofaffinmu ba su da intanet, ba sa jin Turanci, wasu ma idon ya tafi. Sai ta zauna da su a maneaba, zauren taronmu, tana fassarawa. Ina wurin ranar da ta zana wa wata makauniya saƙar wata tabarma a tafin hannu, har tsohuwar ta ce, "Tsaya! Wannan saƙar gidanmu ce."

Mutum ɗaya ne ya gagare ta: Ten Baraniko, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga yadda ake ƙulla sulken igiyar kwakwa. In ya tafi, ƙullin ya bi shi.

Takan buɗe masa hoton sulken ta ce, "Kawu, duba kawai."

"Su cinye kifin, su aiko mini da hotonsa? Ɗauke madubinki!"

"To, zan dawo Laraba."

Ni ma a raina na ga gaskiyarsa. Ita ma ba ta taɓa ce masa ya yi kuskure ba, komawa kawai take yi.

Yanzu gwiwa ta raba ta da keke. Nei Tekarei, ke ce mai kai wa wanda ba zai iya zuwa ba. Mun gode. Matasanmu, keken nan yana jiran mahayi.

Ranar walimar sallamarta, an gama cin kifi ana naɗe tabarmi, sai ga Ten Baraniko yana dogara sanda, da ƙunshin igiya a hammata.

"Ke 'yar nan, buɗe abin naki. Ban yafe musu ba fa."

"Wa ya ce ka yafe, Kawu?"

"Ƙara girman sulken. Nan, wajen kafaɗa."

Ya daɗe yana kallo, bakinsa na motsi. Sannan ya warware igiyar a cinyarsa, ya ce da jama'a, "Ku matso ku ga ƙullin. Hannuna rawa yake, ba zan maimaita ba."