Pyo Geum-rye da Takardar Wata Goma Sha Biyu

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum kafin masu kifi su gama jera kaya a tsohuwar kasuwarmu ta Mokpo, Pyo Geum-rye ta riga ta buɗe ɗan ofishin ƙungiyar 'yan kasuwa, ta dafa shayin sha'ir, ta fiƙe fensirori. Duk mai neman rumfa sai da hatiminta, ita kuwa ba ta buga shi sai ka zauna ka rubuta wata goma sha biyu da hannunka: me za ka sayar kowane wata, wa zai saya. Mun sha zaginta a bayan ido, har da ni mai sayar da busasshen kifi. Yau da take ajiye aiki, kunya nake ji.

Ina ofishin ranar da Bang Deok-su ya faɗo. Mai walda ne, an sallame shi daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, kuɗin sallamar nan su ne duk abin da ya mallaka. Ya ga layin masu shan taliya mai romon ƙanƙara a tsakiyar zafi, shi ma ita zai sayar. Mai duba ya tsayar masa da ranar sa'a ta buɗe rumfa, saura kwana shida, har abokai sun yi odar furannin taya murna.

"Yaya, buga min kawai, ina sauri."

"Baban Mi-ran, zauna. Mai duban naka ne zai zo ya sha taliyar?"

Ya zauna yana huci. Yuni, Yuli, Agusta, hannu na gudu. Da ya iso Nuwamba sai fensir ya tsaya.

"Ci gaba mana, sarkin sauri," in ji ta. "Dusar ƙanƙara na zuba, wa zai shigo ya ƙara wa cikinsa ƙanƙara? Kai za ka sha?"

"Ranar za ta wuce ni, Yaya!"

"Ta wuce. Ranaku ba sa ƙarewa, kuɗin sallama kuwa sau ɗaya ake ba mutum."

Ya fita ya bugo ƙofa. Bayan sati biyu ya dawo tare da matarsa, takarda cike: taliya mai sanyi wata huɗu, farfesun kifi irin na surukarsa wata takwas, wurin tukunya biyu maimakon ɗaya. A bazarar nan shaguna uku na taliya mai sanyi aka buɗe a bakin titi, inda ba a neman hatimin kowa. Babu wanda ya kai ƙarshen hunturu. Rumfar Deok-su yau shekararta sha ɗaya, a cikinta aka biya wa Mi-ran karatun jinya.

Pyo Geum-rye, ke ce kika yarda a ji haushinki don kada gidan wani ya rushe. Ke ce kika koya mana cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Uwar kasuwa, mun gode, mun kuma gode, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi.

Kai kuma da kuɗi ke ƙona aljihunka, idan babu Pyo a garinku, ka zame wa kanka ita. Kafin ka sayi tukunya, zauna ka rubuta abin da iyalinka za su ci a watan da babu layi.