Shafuka Huɗu Farare

Shekarar da soja suka koma bariki, ina koyar da tarihi a wani reshen jami'a da ke Kakuri, inda ma'aikata ke zuwa karatu bayan an tashi aiki da kuma ranar Asabar. Yawancin ɗalibaina magidanta ne: 'yan masaƙa, malaman firamare daga Sabon Tasha, akawunan kamfanonin Kudenda. Cikinsu akwai wani makaho, mutumin kudancin Kaduna, ya haura arba'in. Da can a sashen rini na masaƙa yake aiki, har ranar da ruwan sinadari ya fallatsar masa a ido. Ya koyi rubutun makafi, ya koyi buga tafireta, ya dawo neman digiri. Wata makarantar mishan ta yi masa alkawarin aikin koyarwa in ya kawo sakamako a ƙarshen shekarar. Darasina ne kaɗai ya rage masa, kuma wanda ya faɗi sai ya jira baɗi.

A Masar na ga malamai makafi, ɗalibai na rige-rigen riƙe musu hannu. A Ingila na ga ofis sukutum wanda ba shi da aiki sai tanadi don irin waɗannan ɗalibai. Mu a Kakuri takarda ce mai layi uku daga hedkwata: malamin darasi ya karanta wa makaho tambayoyi, ya zauna da shi a ɗaki dabam, a ƙara masa rabin awa. Abin da ya rage kuma, malami ya san yadda zai yi.

Shugabar jarrabawa wata mace ce 'yar Filato, ba ta da mugunta, amma ba ta wasa. Lokacin nan baki ya buɗe, kowa ya iya rubuta takardar koke, ita kuwa ta rantse ba za a ga sunanta a ko ɗaya ba. Da ɗalibin ya zo rungume da tafiretarsa, ta tare shi a ƙofa.

"Oga, wannan ba za ta shiga ba. Za a ce an ɓoye wani abu a ciki."

"Madam, ko na ɓoye takarda, da wane ido zan karanta?"

Ta yi dariya, amma ba ta janye ba. Aka ɗauko masa ta ofis. Ya shafa ta ko'ina kamar mai sayen akuya, ya ce mini, "Tsohuwa ce, Baba, amma za mu shirya."

Na karanta masa tambayoyi sau biyu, ya zaɓi uku, ya sa takarda da kansa. Ni kuma na ja kujerata can bakin taga, na juya masa gefe. Na saba da cewa ba a tsaya wa mai jarrabawa a ka. Gaskiya kuma, ni ma ina tsoron a ce na raɗa masa amsa. Na ɗauka nisan da na yi adalci ne.

Awa biyu yana bugawa ba tsayawa. Ƙararrawar ƙarshen layi na ƙara, yana mayar da hannu, ina jin daɗin sautin kamar ruwan sama a kan kwano. Da ya zare shafi na huɗu, iska ta ture ɗaya ƙasa. Na tashi in ɗauko masa.

Fari ne fat.

Na duba sauran ukun. Farare. Na leƙa cikin tafiretar, nan take na gane. A wancan zamanin, tambayoyin jarrabawa a kan wata takarda mai kakin zuma ake huda su, sitansil, sannan a buga kofe da yawa. Kafin a huda, mai tafireta takan tura wani ɗan maɓalli ya janye ƙyallen tawada, ta goge haruffa tas, don ƙarfe ya sari takarda tsirara. Ana gobe jarrabawar mai tafiretar ofishinmu ta gama aikin, ta bar maɓallin a haka. Da na tsaya a kansa minti ɗaya a farko, da na gani.

Har zuciya ta raya mini in tura maɓallin a hankali in yi shiru, kada in rikita shi. Amma ya riga ya ji numfashina.

"Baba, lafiya? Ka tsaya a kaina."

"Tawada ba ta kama ba."

"A wannan shafin?"

"Duka huɗun."

Ya ɗora tafukansa a kan teburi. Waje, kwandastan bas na kiran Sabo, Sabo. Sannan ya ɗago kai ya tambayi lokaci.

"Saura nawa?"

"Awa ɗaya da rabi. Na gyara maɓallin. Ka yi tambaya ta uku, waɗannan shafukan ka bar mini."

"Ai tun farko ma kai na bar wa, Baba. Ido kawai na aro a wurinka."

Ya sa sabuwar takarda, ya buga layi ɗaya, ya tsaya. "Akwai baƙi?" Na ce akwai. Daga nan duk layi biyar sai ya tambaya, ni kuma ina tsaye ina amsawa har lokaci ya cika.

Na kai wa Madam fararen shafukan, ta juya su gaba da baya. "Malam, farar takarda sifili ce. Haka doka ta ce."

Na nuna mata cewa ƙarfen ya bar sawu. Na ce in an goga fensir a hankali, rubutun zai fito.

"Ka sa fensir a takardar ɗalibinka? Gobe ni da kai muna gaban kwamiti, shi kuma a soke masa duka." Ta dubi makahon. "Ko ka sake zama baɗi, Oga?"

"Makarantar ba za ta jira ni baɗi ba, Madam."

Aka kira mai tafireta. Da ta ji abin da ya faru, ta dafe ƙirji tana "Wayyo Yesu, ni ce!" Na ce ba ita ba ce, ita ta yi aikinta. Ita ce kuma ta kawo dabara. Ta ce in tana duba kuskure a sitansil, ba ta fuskantar haske, ta gefe take sa shi ya zo. Aka rufe tagogi, aka bar tsaga ɗaya. Ta kwantar da shafin a bakin hasken rana, sai ga haruffa sun taso da 'yar inuwarsu.

Madam ta kafa sharaɗi. Ita za ta karanta, mai tafireta ta buga abin da ta ji, wani malamin lissafi ya zama shaida. Ni, da na san amsoshin, in tsaya jikin bango in kama bakina. Ɗalibin ma kada ya ce uffan.

Shafi uku suka fito, kalma bayan kalma, Madam na share gumi. A na huɗu yatsunsa sun gaji, bugun ya yi sanyi. Ta kai tsakiya ta tsaya.

"Dalilin da ya sa turawa suka mayar da hedkwata nan shi ne..." Ta karkata takardar, ta matso da ido. "Ba na gani."

Na san kalmar. Shi ma ya san ta, ina ganin leɓensa na motsi. Ya sa hannu ya toshe bakinsa da kansa. Madam ta jira, ta sake gwadawa, sannan ta ce a rubuta cewa daga nan ba ya karantuwa. Rabin shafi ya tafi a haka, kuma nan ne ya tattara hujjarsa.

Wani malami aka ba ya duba, ba ni ba. Mako uku ina wucewa ta gaban allon sanarwa kamar mai jiran hukunci. Makahon ya ci, da kyar, maki biyu sama da faɗuwa, mutumin da duk ajin ba mai kamo shi. Makarantar ta ɗauke shi. Na je har Sabon Tasha na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, matarsa ta kawo mini kunu. Amma sakamakon yana nan a takardarsa yadda ya fito.

Bayan wasu shekaru na shiga bas a Kakuri, na gaida direba. Daga kujerar baya wata murya ta ce, "Baba mai tarihi!" Na waiwaya, ga shi da sandarsa da jakar littattafai. Ya buga wurin da ke kusa da shi da tafin hannu.

"Zo nan. Kai ba a barinka ka zauna nesa."