Jan-baki a Takardar Adabi

Takardar adabin Turanci ita ce ta ƙarshe a jarrabawarmu ta fita sakandare a Haɗejiya, kuma ita na fi bukata. Karatun lauya nake so, shi kuwa ba a shigarsa sai da kiredit a adabi. Baba ya riga ya ja mini kunne cewa a gidansa sau ɗaya ake zama jarrabawa. In na ci, madalla. In na faɗi, ga fadama nan tana jirana.

Littattafan da aka ɗora mana duk na haddace su. Abin da ba ya haddatuwa shi ne waƙar da ake kawowa sabuwa fil, a ce ka karanta nan take ka yi sharhi. Malaminmu, wani siririn Bakano mai tabarau, ya ba mu dabara: in kun ga fure ku ce ƙuruciya, in kun ga faɗuwar rana ku ce mutuwa, in kun ga tsuntsu ku ce 'yanci. Har rera abin muke yi a ɗakin kwana muna kiɗa da bokiti.

Sai ga tsuntsu kuwa ya fito. Wai wani mutum ne ya jingina da shinge da yamma yana kallon gonar alkama da ta nuna, sai tsuntsaye suka taso kamar hadari suka sauka a kanta. Shi kuma zuciyarsa ta yi fari tas, har yana fatan ya zama ɗayansu. Aka ce mu bayyana yadda mawaƙin yake kallon tsuntsayen.

Wallahi na san amsar da suke so. Amma ni ɗan bakin kogi ne, daga wani ƙauye a hanyar Kirikasamma. Tun ban kai tsayin karan shinkafa ba ake ɗora ni a kan rumfa a tsakiyar gona, da majajjawa da igiya mai gwangwanaye, in yi ta ihu har murya ta dishe. Mu a wurinmu tsuntsun da ke zuwa kamar hadari sunansa jan-baki. A daminar da ta wuce sun sauka mana ina makaranta, Baba na kwance da zazzaɓi. Kafin maƙwabta su kawo ɗauki, ba abin da ya rage sai ƙaiƙayi. Geron kawuna na Kaugama muka ci har rani, Inna tana auna shi kamar magani.

Raina ya ɓaci sosai. Na rubuta cewa mawaƙin yana murna ne don gonar ba tasa ba ce. Na ce ya yi baiti bayan baiti bai tambayi mai gonar ba. Na ce wanda zai ga haka bai ko tafa hannu ya kore su ba, ba 'yanci ya gani ba, cikinsa ne a ƙoshe. Na cika shafi.

Da muka fito sai gardama ta ɓarke a gindin dalbejiya. 'Yan cikin gari, 'ya'yan masu shaguna, duk 'yanci suka rubuta, suna ta washe baki. Mu 'yan fadama kuwa, ashe ba ni kaɗai ba ne. Wani ya rubuta cewa waƙar kukan yunwa ce. Wani ya ba mawaƙin shawarar ya ɗaura gwangwanaye. Wani abokina, jikan makiyaya, ya ce shi ya ɗauka balbela ce, don haka ya wanke ta daga laifi.

Malam ya zo yana murmushi ya tambayi yadda aka ƙare. Da ya ji, sai ya cire tabarau ya dafe kai.

“Kun kashe ni,” in ji shi. “Wa ya tambaye ku noma?”

Na ce, “Malam, su suka sa gona a cikin waƙar, ba mu ba.”

“Mai duba takardarku bai taɓa jin sunan jan-baki ba.”

“To yau zai ji, Malam.”

'Yan fadama suka ɗauki sowa, har wani ya kaɗa gwangwanin madara da tsakuwa a ciki. Na koma gida ina ji da kaina, amma can ƙasan zuciyata tsoro ne fal.

Sakamako ya fito shinkafa na fitar da kai. Na ci komai, ban da adabi, kiredit ya kuɓuce mini da maki kaɗan. Na iske Baba a kan rumfar gona yana jan igiya, na hau na gaya masa. Ya ce me suka tambaya da har ya gagare ni, ni da ba na ajiye littafi.

Na fassara masa waƙar da Hausa, tun daga shingen har saukar tsuntsayen. Ban gaya masa abin da na rubuta ba. Ya saki igiyar ya juyo.

“Gonar wa ce?”

“Ba su faɗa ba, Baba.”

“Shi kuma yana tsaye yana kallo?”

“Har yana murna.”

“Kai me ka ce musu?”

“Abin da ka tambaya yanzu, shi na tambaye su.”

Ya dube ni, ya dubi gonar. Sannan mutumin da ban taɓa jin ya janye maganarsa ba ya ce, “Baɗi ka koma. Ka ba su tsuntsunsu, ka karɓo takardarka. Amma bana ba kai ka faɗi ba.”

Ya miƙo mini majajjawa, don jan-baki sun fara tasowa daga gabas.