Zobe daga Marfin Tukunyar Inna

Gidanmu gidan maƙera ne, a wani ƙauye kusa da Tamaske a ƙasar Adar, kuma ni kaɗai ne cikin 'ya'yan Baba ban iya ƙira ba. Ina ɗan shekara bakwai, ko takwas, ban tabbata ba, aka ce garinmu ya ba da yaro ɗaya a kai lakwal, wato makarantar boko, sai aka ga ɗan maƙeri ya fi sauƙin bayarwa. Na yi ta karatu har na fito malamin makaranta, aka ajiye ni a Madawa. In na zo hutu, Baba yakan sa a shimfiɗa mini tabarma a inuwa, nesa da wuta, ya kira ni "mushe", wato malam a bakin Faransawa, yadda ɗalibaina ke kirana. Ina jin girmamawa ce. Amma bai taɓa miƙo mini ko awartaki in riƙe masa ba, kuma abin ya ci mini rai fiye da yadda na taɓa faɗa wa kowa.

Shekara biyu ko uku bayan yaƙin Turawa, wani Bature ma'aikacin gona da zai koma ƙasarsu ya bar mini ƙaramin babur, wanda mu moto muke cewa. Ya daɗe a jingine ba ya tashi. Baturen ya haɗa mini da ɗan littafinsa. Injin irin mai bugu biyu ne, wanda ake gauraya wa mai cikin asansi, wato fetur, ba shi da tarkace da yawa. Na karanta littafin sau uku, sannan da hutu ya zo na sa aka ɗora moton bisa raƙumi zuwa gida. Na ce wa abokan aiki ba ni da wurin kwance shi a Madawa. Gaskiyar ita ce ina so, ko sau ɗaya, in zauna a maƙera da wani abu da ni ma na sani.

A gefen rumfar ƙira na kwance shi. Na shimfiɗa tsohon zane, duk abin da na cire in wanke da kananzir, in ajiye a jere, in rubuta lambarsa a takarda, don tsoron kada in manta wanda ke bin wani. Kaji suka fi kowa sha'awar aikin. Da na zare silanda na ga ciwon. Fistan, wato ɗan gungumen da ke hawa da sauka a ciki, yana da zobba biyu masu hana iska zurarewa. Ɗaya lafiya lau, ɗaya ya karye uku. In aka yi saƙon sabo, mai yiwuwa ya zo bayan damina, mai yiwuwa kada ya zo. Ni kuwa saura kwana goma sha biyu in koma.

Kwana biyu Baba bai ko dubi wajena ba, yana ta gyaran hauyoyin noma. A na uku ya zo wucewa, ya duƙa ya ɗauki guntun zoben, ya murza a yatsa, ya sake shi bisa uwar maƙera, ya karkata kunne.

"Wanga ba ƙarhen ƙira na ba, mushe," ya ce. "Zubi na."

Sai ya bi gida yana ƙwanƙwasa duk wani ƙarfe da ya gani, har ya kai kan marfin baƙar tukunyar Inna, wadda fatake suka kawo mata daga kudu tun kafin a haife ni. Kukansu ɗaya da zoben. Inna ta ce tsakanin maƙeri da ɗan lakwal, in ba ta yi hankali ba a tafin hannunta za ta koma dafa miya. Ta yi ta faɗa har la'asar, sannan ta wanke marfin da kanta ta aiko da shi.

Idon Baba ya soma rauni a lokacin, da babban yatsa yake awo. Ya yanka, ya goga a dutse, ya bi da magagari, yana gwadawa da zoben da ya rage lafiya. Kwana uku ya yi a kan na farko, muna buɗa shi don ya hau fistan ya karye biyu. Ya jawo sauran marfin. Na biyu ya ci kwana huɗu, kuma kowa ya ga marfin ba zai ba da na uku ba.

Da ya zura shi cikin silanda, bakin zoben biyu suka haɗu tsaf, ko gashi ba zai ratsa ba. Yayyena suka taru suna yabawa. Sai dai littafin ya ce dole a bar 'yar kafa tsakanin bakin biyu. In babu ita, da inji ya yi zafi zoben zai cije, ya karye, ya karce silanda. Tun ranar farko na san haka, na yi shiru, ina cewa wataƙila zai bar ta da kansa. Daga azahar har rana ta yi sanyi ina kewaya rumfar. In na yi magana, na gyara wa Baba ƙira gaban 'ya'yansa. In kuma aka rage fiye da kima, an ɓata aikin kwana huɗu a kan maganata.

Daga baya na tsuguna na ce masa aikin ya yi kyau ƙwarai, sai dai ina ganin kamar, in bai ga laifi ba, mai yiwuwa bakin ya so a ɗan rage shi.

Bai ɗago ba. "Takarda tac ce, ko kai kac ce?"

Saura kaɗan in ɗora wa takarda, don ya fi sauƙi. Na ce, "Ni na ce, Baba. In ya ji wuta zai miƙe, kuma ba shi da wurin zuwa."

Na san ya fi ni sanin haka, shi da ya yi shekaru yana ganin ƙarfe na kumbura a wuta. Abin da bai sani ba, ina jin, shi ne yawan zafin da ke cikin ɗan tulun nan. Ya tambaye ni kamar me za a rage. Na kama warƙa biyu na littafin, na sa masa tsakanin yatsunsa. Ya murza su.

"Idona ba ya ganin takarda biyu," ya ce. Ya gusa a kan buzunsa, ya miƙo mini magagari. "Amshi."

Na karɓa. Sau shida na ja, in ban manta ba, ina gwadawa bayan kowane ja. A na biyu ya buge mini gwiwar hannu, ya ce ba alli nake riƙe da shi ba.

Kashegari muka haɗa injin. Takardar da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe na yanko ta daga bangon littafin rubutu, na jiƙa da mai. Asansi kwalba biyu na samo wurin wani direba, muka gauraya da man zurma, wanda littafin ya yarda da shi, ko da yake sau biyu na sake awon. Yayyena suka tura ni a gangaren bayan gida. Injin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya kama, shuɗin hayaƙi na bin sa, jakuna na tsinke igiya. Da na dawo na tarar da Baba tsaye, kai a karkace. Ya ce yana jin zobban duka biyu, ɗaya na Nasaranci, ɗaya na Adaranci, kuma da alama sun fahimci juna.

Moton ya yi mini shekaru kafin ya gaji. Tukunyar Inna da faifai aka ci gaba da rufe ta har ƙarshen ranta, kuma ba ta bar tuna mana ba. Har yau in na ji ƙaurin man zurma, rumfar nan nake gani.

Ranar ƙarshe ta hutun nan na fito da safe ban ga tabarmata a inuwa ba. Na tsaya ina dube-dube, ina tunanin ko na yi wani laifi. Baba na ƙoƙarin tada wuta, bai waiwayo ba.

"Mushe," ya ce, "kama zugazugi."