Bindigogi Uku a Bayan Durumi

Mun tashi da asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da tsohon maharbin ƙauyenmu, muna idar da salla muka kama hanyar Tafa a ƙafa. Ga waɗanda ba su san dalilin tafiyar ba, birai ne suka sa mu gaba. Tun da aka fara sare dajin Abuja ana gina sabon birni, garken gwaggon biri suka yiwo wajenmu. Wasu na cewa katafila ce ta koro su. Ni ban gani da idona ba, don haka ba zan rantse ba. Abin da na sani shi ne bara sun yi mana ɓarna mai yawa, bana kuma dawa ta fara fidda kai, ga adakar Baba maharbi ta tsage tun farkon damina, saura kaɗan ta tafi da yatsunsa. In ba a sami wata bindiga kafin dawa ta nuna ba, gidaje da dama za su shiga bazara rumbu wayam.

Wani ɗan garinmu da ke aikin masinja a Abuja shi ya aiko cewa ogansa, wanda aka dawo da shi daga Ikko, yana da bindigogin wasan harbi guda uku masu lasin, kuma zai rabu da ɗaya in ya sami mutanen kirki. Manoma suka yi karo-karo, mai gari ya ba da takarda, aka ce Baba ya je ya zaɓa, ni kuma in raka shi tunda na gama firamare, zan iya karanta abin da za a sa wa hannu. Ban so ba. Ni ko ƙyauren gidana sai na koma sau biyu na duba ko na rufe, balle maganar bindiga. Kafin mu kai bakin kwalta sau bakwai na laluba aljihu in ji ko takardar mai gari na nan.

A Tafa muka sami kiya-kiya. Hanya ba laifi, sai dai direban yana gudu kamar an yi masa albishir a gaba. Da muka zo dutsen Zuma kowa ya leƙa yana kallo, ni kuwa allurar gudun motar nake kallo, daga baya na gane ashe ba ta ma aiki.

Zuba ta cika ta batse. Lemu da ayaba da abarba tsibi-tsibi a bakin titi, ƙamshi da warin ruɓa duk sun haɗu. Ƙosan da muke saye sule biyar a gida, a nan naira guda ne, kuma sun fi namu ƙanƙanta. Muna shan koko sai ga tireloli sun jeru daga kudu, ɗauke da kabad na ƙarfe da tebura da kujeru ƙafafu sama, da fayil ɗaure da igiya kamar dammunan gero. Baba ya bi su da ido ya ce, "Ashe ita ma gwamnati da tabarmarta take ƙaura."

Daga Zuba muka hau wata motar zuwa cikin gari. Tituna masu faɗi, wasu ba mota ko ɗaya, benaye wasu an gama wasu ƙarafa a tsaye. Unguwanni da yawa ba suna sai lamba. Mutum huɗu na tambaya hanyar Durumi, inda aka ce za mu sami ogan, uku suka ce su ma makon jiya aka kawo su. Na huɗun, wata mai gasa masara, ita ta nuna mana, muka ƙarasa a ƙafa ta cikin bukkokin kwano da leburori suka kafa.

Wurin wani fili ne a gindin tsauni, masu wasan harbi sun kewaye shi da waya, an tara tudun jar ƙasa a ƙarshensa don ya tare harsashi. Ogan Bayarabe ne haifaffen Sabon Garin Zariya, Hausa a bakinsa rau. Ya karanta takardar mai gari, ya ce ko wacce muka zaɓa ba za mu tafi da ita yau ba, sai ’yan sanda sun duba sun ba da lasin da sunan Baba. Wannan maganar ita ta fara kwantar mini da hankali tun safe. Akwai kuma mai kula da wurin, wani dattijo mutumin Gbagyi, shi ke goge bindigogin yana ajiye su. Da muka gaisa ya gaya mini filin nan gonar doyar babansa ce a da.

Dattijon ya jera gwangwanayen madara goma, ya auno taku hamsin. Aka fara da tsohuwar bindiga mai baƙin katako. Irin mai ɗura kanta ce: kana harbawa sai ta tofar da kwanso ta ɗauko wani harsashi, ba ka taɓa komai sai kunama. Tana da nauyi, amma Oga ya ce shekara da shekaru ba ta taɓa cije masa ba. Ya kayar da takwas. Baba ya karɓa ya kayar da shida, na ga fuskarsa ta canza, don a garinmu ba a saba ganin ya yi kuskure ba. Kuɗinta ya kai na sa guda, harsashinta kuma sai an je Kaduna. Duk da haka ita ta kwanta wa Baba a rai, saboda birai ba ɗai-ɗai suke zuwa ba, Oga ma ya nuna ita yake da niyyar saki.

Ta biyu mai baki biyu ce, ba ta ɗura kanta, harbi biyu sai ka karya ta ka sake zubawa. Watsa ƙwaya take yi. A taku hamsin sai dai ta yi wa gwangwani ƙuraje, a talatin kuwa ta share su. Tana dukan kafaɗa, amma ita ce mafi sauƙin kuɗi, harsashinta ba ya wuyar samu, kuma babu wani abin lalacewa a cikinta.

Ta uku sabuwa ce fil, ita ma mai ɗura kanta, marar nauyi, da madubi a bayanta. Oga ya kwanta ya kayar da goma cif. Ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce, kuɗin shanu biyu ma ba sa sayenta, nuna mana kawai yake yi. Aibinta ɗaya, ba ta son datti ko kaɗan, kuma man da aka yi dominta kaɗai take sha. Ya ce Baba ya ɗana ko sau uku ne. Ana cikin haka wani abokinsa ya tsaya da mota a bakin waya, ya je su gaisa, dattijon kuma ya tafi tsayar da gwangwanaye.

A nan abin ya faru. Maharban wajenmu ba sa harba baƙuwar bindiga sai sun shafe ta da man kaɗanya da aka cuɗa da garin magani, wai don ta san mai riƙe da ita. Baba ya zaro ɗan gwangwaninsa daga cikin hula, ya lakato, ya shafe gindinta, sannan ya tura yatsa har cikin inda kwanso ke fita.

Na ce, "Baba, don Allah bari mu tambaya tukuna."

Ya ce, "Kai ɗan boko, rufe mini baki. Huɗun can da na rasa, ai don ban gaisa da waccan ba ne. Tun uwarka na goye nake wannan aikin."

Oga ya dawo. Baba ya harba ɗaya, gwangwani ya tashi. Ya harba na biyu, ya tashi. Na uku sai ƙas, kwanso ya maƙale rabi ciki rabi waje. Oga ya karɓa ya juya bakinta wajen tudu, ya cire gidan harsashi, ya leƙa. Ya sa ɗan tsinke ya kwarfo wani baƙin maiƙo mai tsakuwa-tsakuwa. Ya ɗago kai, bai dube mu ba, dattijon ya duba.

"Me ka zuba mini a ciki? Man da na ba ka fa, sayarwa ka yi ka sa na girki?"

Dattijon ya ce, "Oga, ni ban sa komai ba. Man da ka ba ni, ita na sa. Da safe bindiga yana lafiya."

"Aljani ne ya sa ke nan? Ka haɗa kayanka. Zan gaya wa sauran ’yan ƙungiya, yau aikinka ya ƙare a nan."

Na dubi Baba, ya kafa wa ƙasa ido. In na yi magana, na kunyata dattijon garinmu a gaban baƙo, Oga ya kore mu, mu koma ba bindiga, birai su ci dawar mutanen da suka amince mini. In na yi shiru, ciniki zai tafi daidai, mutumin da ko sunansa ban sani ba ya rasa abincinsa a kan ƙasar babansa. Na ga mai kula da wurin ya tuɓe hula yana murza ta a hannu, ya ma daina musu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ranka ya daɗe, ba shi ba ne. Mu ne. A gabana aka shafa."

Na ce mu ne don in rage wa Baba nauyi, amma bai yarda ba. Ya ciro gwangwanin ya ajiye a kan tebur ya ce, "Ba mu ba ne, ni ne. Wannan hana ni ya yi."

Oga ya yi faɗa, da Hausa, da Turanci, da Yarbanci. Ya ce a cikin jakarsa za a mai da bindigogin duka, mu kama hanya. Dattijon ne ya ɗauki gwangwanin ya sansana, sai ya yi dariya, ya ce, "Oga, babana ma haka tana yi wa nasa. Ka bari in wanke, ba ta mutu ba." Ya zauna ya kwance ta gunduwa-gunduwa, Baba ya durƙusa gefensa ya shimfiɗa gaban rigarsa ana ɗora ƙananan ƙarafan a kai. Kusan awa guda suka yi. Da aka haɗa ta Oga ya gwada, ta tashi lafiya.

Sannan Oga ya ba dattijon haƙuri a gabanmu, abin da ban zata ba. Ya juyo ya ce, "Baba, mai ɗura kanta ba taka ba ce, ko sabuwa ko tsohuwa. Hannunka ya riga ya saba, wata rana za ka shafa ta cije maka gaban garken birai. Mai baki biyu zan ba ku. Amma wannan mai tsoron shi zai tsaya maka a takarda." Ya nuna ni. Na karanta takardar sau uku, Oga har ya tambaye ni ko haddace ta zan yi, sannan na sa hannu.

A hanyar dawowa muka tsaya a Zuba. Can Baba ya sayi lemu, ya ɓare ɗaya ya miƙo mini rabi ba tare da ya dube ni ba. Mun shiga gari da la’asar sakaliya, mutane na zaune ƙofar mai gari, kowa hannunmu yake kallo. Baba da bakinsa ya ba da labarin, bai rage komai ba. Wasu suka yi dariya, wasu kuma har yau gaisuwarsu da ni a taƙaice take, don sun ce na sa an ba mu ƙarama alhali babba ta kusa shigowa hannu.

Takarda na wurin ’yan sanda, an ce mu saurara mako uku. Kafin nan muna gadi bi da bi, muna buga garwa, jiya ma birai sun kwantar da gefen gonar ƙanena. Abin da na koyo game da bindiga shi ne wadda ta fi saiti ba lalle ita ta dace da kai ba. Ka duba wadda za ta jure hannunka da halinka, kuma za ka sami abin zuba mata. Game da kaina kuwa, kullum in ina tsaye bakin gona da garwa sai na sake auna maganar nan da na yi, in duba ta ta nan in duba ta ta can, kamar yadda na saba yi wa komai. Ita kaɗai ce a tafiyar nan ban taɓa samun inda zan ce da na sani ba.