Kaset Bakwai Da Na Zuba A Shara

Na fi shekara ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don tsoron kada wani ya gane ni. Yau dai na daure.

Ni 'yar mawaƙin noma ce. Duk ƙauyen da za a yi gayya a yankinmu sai an aika wa mahaifina goro, domin in ya rataya ganga ya saki murya, raggo ma sai ya kai ƙarshen gona. Ba a taɓa sa shi a rediyo ba. Wani mai gyaran rediyo ne a kasuwarmu ya ɗauki waƙoƙinsa a kaset bakwai. Ranar da zan biyo mijina Landan, Baba ya ɗaure su a tsumma ya ba ni, ya ce in kewa ta dame ni in kunna.

Ina kunnawa kuwa, amma ƙasa-ƙasa, ƙofa a rufe. A unguwarmu Abbey Wood duk wanda ya tambayi asalina sai in ce Baba manomi ne, daga baya in yi ta istigfari. Kun san kallon da ake yi wa 'ya'yan maroƙa. Da aka zo neman auren 'yata, dangin yaron manyan 'yan boko, sai abinci ya daina shigar mini. Na riƙa hango wata gwaggonsa ta buɗe durowa ta ga kaset ɗin, a fasa auren. Mijina ya ce in bar waswasi, ba a binciken asali a durowa. Ban ji ba. Ranar da motar council ta zo kwasar shara, kaset ɗin suna ciki. A lokacin Baba ya shekara huɗu da rasuwa.

An ɗaura aure lafiya. Bayan wata biyu uban angon ya kawo mana ziyara, hira ta gangara gida. Da ya ji sunan ƙauyenmu sai ya ajiye kofin shayi ya rera baiti biyu na Baba, har da wurin da yake jan numfashi. Ya ce yana yaro ya ji shi a gonar kakansa, kuma ya daɗe yana cigiyar kaset ɗinsa bai dace ba. Sai ya dube ni ya ce, "Hajiya, ko kin san bawan Allahn nan?"

Na ce na taɓa jin labarinsa.

Wannan amsa ta fi zubar da kaset ɗin ci mini rai. Ba wanda ya raina Baba a Landan sai ni da ya haifa. Don Allah kada tsoron bakin mutane ya sa ku jefar da abin da ba a sayo shi a ko'ina.

Mai gyaran rediyon ya bar kasuwar tuni, amma na san ya sayar wa direbobi wasu. Wanda ke da kaset ɗin wani mai gangar noma da ke kiran garma amaryar damina, ya taimaka ya sanar da mujallar nan. In na samu, uban angon nan zan fara kunna wa, in gaya masa ko ni 'yar waye.