Irin Geron Baba Isuhu da Ƴan Ci-rani

Har gobe ba na manta ranar Larabar da Baba Isuhu ya shigo buronmu, ofishin tallan nan na Tasawa, riƙe da zangarniyar gero guda a hannu. Ku da kuka zo koyon aiki bana ba ku san shi ba. Bari in ba ku labarinsa, tunda kullum tambayarku ɗaya ce: talla a shafukan sada zumunta ta fi, ko talla a shafin bincike?

Lokacin shekarata biyu da fara aiki, ni ke kula da tallar intanet. Patron Mamman shi ne mai buro, kuma ƙa'idarsa ita ce ba a fara aiki, ba a canza shi, sai ya sa hannu. Baba Isuhu kuwa dattijo ne daga Hawandawaki, shugaban wata ƙaramar ƙungiyar manoma masu noman irin gero mai saurin nuna. Noman iri daban yake da noman ci. Ana ware gona nesa da sauran gonaki, ana tuge duk karan da bai yi kama da ƴan'uwansa ba, ana sussuka a wuri mai tsabta. A shekarar, waɗanda suka saba kwashe irin nasu gaba ɗaya ba su zo ba. Ga shi watan huɗu ya raba, buhuna na jibge a mangaza, ɗakin ajiyar ƙungiyar.

Ya ajiye zangarniyar a kan tebur, ya ce wa Patron, "Ɗana, in ruwa ya sauka wanga iri yana hannunmu, ya zama tuwo. Baɗi kuma ba wanda zai sake bi na. Ni na ja mutane cikin wanga aiki, da bakina."

Patron ya ce, "Kwantar da hankalinka, Baba. Za mu nemo maka masu saye."

Ga yadda hanyoyin biyu suke. A shafin bincike, kai ke zaɓen kalmomi. Duk wanda ya rubuta su yana neman abu, tallarka ta fito masa a sama, kuma ba ka biya sai ya latsa. A shafukan sada zumunta ba wanda ke nemanka. Kai ke zaɓen gari da shekaru da harshe, hotonka ko bidiyonka ya ratso gaban mutum yana cikin kallon wasu abubuwa, kana biya gwargwadon yawan waɗanda aka nuna wa.

Patron mutumin shafin bincike ne, kuma yana da hujja. Da shi ya cika ɗakunan wani masaukin baƙi, da shi ya samo wa wani mai gyaran famfon sola aiki har Mayahi. Yakan ce wanda ya rubuta abu da yatsansa ya riga ya yi niyya. Muka jera kalmomi da Faransanci da Hausa, ya sa hannu, na saki talla.

Kwana goma muna jira. An latsa, ba a ce ba a latsa ba, amma su wa? Ɗalibai masu rubuta kundin ƙare karatu, da wani mai neman aiki, da wata da ta kira tana tambaya ko muna ba da horo. Ko tiya ɗaya, wato kwanon awo guda, ba a saya ba.

Ni kuwa a raina daɗi nake ji, don tun farko na fi son ɗaya hanyar. Na ce, "Patron, manomi ba ya rubuta sunan iri a salula. A ba ni in gwada tawa." Ya sa hannu. Na ɗauki hoton zangarniyar nan, na yi rubutu mai kyau, na saita tallar ta fito wa mutanen Tasawa da Mayahi da kewaye. Kafin kwana uku shafin ya cika da yabo. Malaman lakwal masu koyar da yara boko, ma'aikatan asibiti, ƴan mata ƙawayena, kowa na cewa Allah ya ba da kasuwa. Na riƙa nuna wa Patron ina murmushi. Rana ta biyar ya tambaye ni, "Ramatu, cikin masu addu'ar nan, wa ya saya?" Na duba lissafi. Mutum biyu ne kawai, su ma tiya bibbiyu.

A ranar Baba Isuhu ya kira. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi an fara ganin hadari ta gabas, wasu sun fara binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, kuma mutum uku cikin ƙungiya sun ce a raba buhunan kowa ya kai nasa kasuwa a farashin hatsi. "Na roƙe su sati guda, ɗiyata," in ji shi. "Ban da abin da zan ƙara ce musu."

Washegari na roƙi izini, na hau kabu-kabu zuwa Hawandawaki. Sau biyu muna sauka muna tura babur cikin yashi. Na tarar da Baba a gindin bedi gaban mangaza tare da manoma kamar goma. Bayan gaisuwa na roƙi kowa ya nuna mini salularsa. Suka fiddo. Duk ƙanana ne masu maɓalli, na kira da haska fitila. Babu ko ɗaya da tallata za ta iya shiga. Kunya ta kama ni. Sati biyu muna gardama da Patron kan hanya, alhali duka biyun ba su biyo ta garin ba.

Ina zaune ina tunanin abin da zan faɗa, sai wata tsohuwa, Inna Habsu, maƙwabciyar Baba, ta zo wucewa da tulu. Salularta ta yi ƙara daga bakin zane. Ta sauke tulun ta amsa da ƙarfi, kowa na ji. Ɗanta ne daga Agadas, yana tambaya ko an yi ruwa, da abin da za a buƙata na shuka don ya aiko. Da ta gama na ce, "Inna, shi ke saya muku iri?"

Ta ce, "Wa zai saya in ba shi ba? Shi ke aikowa, shi ke cewa a sayi kaza. Har maganin ƙwari bara, a babbar salularsa ya gani ya ce a nemo."

Na juya ga mutanen, na ce wa ke da ɗa ko ƙane a ci-rani? Aka yi dariya. Wani ya ce, "Ki tambayi wanda ba shi da, ya fi sauƙi." Agadas, Arlit, Yamai, Kano, har gaba.

Nan take na tsayar da Baba a ƙofar mangaza. Na ce ya riƙe zangarniyar irinsa a hannun dama, ta gero na gida a hagu, ya yi magana kamar da ɗansa yake. Ya ce bai iya ba. Sau huɗu muna sakewa, yana gyara hula. A na biyar ya manta da ni, ya ce, "Ɗan Hawandawaki, ɗan Tasawa, ɗan Mayahi, duk inda kake ina gaishe ka. Ni ne Isuhu. Ka san yadda ruwa ke ɗauke mana kafin gero ya cika ido. Wanga yana riga ruwa gamawa. Ka ce wa tsohonka ya zo ya gani da idonsa." Ya faɗi lambarsa sau biyu, a hankali.

Da na koma buro na shaida wa Patron ina so in ɗauke tallar daga yankinmu in kai ta biranen ci-rani. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Agadas? Ramatu, gero ake nomawa a Agadas?"

"A'a, Patron. Amma mai sayen irin yana can. Mai shukawa ne a nan."

"In wannan ma ta faɗi, da wane ido zan kalli dattijon nan?"

"Ni zan je in faɗa masa da bakina."

Ya daɗe yana juya biro. Sannan ya kira Baba ya nemi yardarsa, don kuɗin tallar nasa ne, ya sa hannu, ya ce kwana biyar. Ya kuma ce a bar tallar bincike tana tafiya kaɗan-kaɗan, kada a kashe. Na saita tawa: maza, matasa zuwa magidanta, masu jin Hausa, a biranen nan. Shafin ba zai iya ware mini ɗan Tasawa daga ɗan wani wuri ba, amma gaisuwar Baba ta farko ta yi wannan aikin. Wanda ba namu ba ya wuce, namu ya tsaya.

Ranar farko shiru. Rana ta biyu da hantsi na kira Baba, layi a cike. Na sake, a cike. Sai bayan azahar ya same ni da salular wani, yana haki. "Ɗiyata, mi kika yi? Tawa ta mutu, an kai ta caji. Wani yaro ya kira daga Arlit, ashe jikan abokina ne na Isawan, har kuka ya yi da ya ji muryata." Abin da ban yi tsammani ba, su da kansu suka riƙa tura bidiyon a rukunonin ƴan garinsu, ba da ko sisinmu ba. Ɗa ya aiko kuɗi, ya kira gida, uba ya ɗaura wa jaki amalanke ya nufi Hawandawaki. Wasu tsofaffin sun zo da shakka, suka tauna ƙwayar, suka murza ta a tafin hannu, sannan suka ce a auna.

A rana ta huɗu tallar Patron ma ta yi nata. Wani mai kantin kayan noma daga Damagaram ya rubuta kalmomin nan na Faransanci yana neman inda zai sari iri, ya ga lambar, ya zo da mota ya ɗauki abin da ya rage. Patron ya shigo yana taku ɗai-ɗai, ya ce, "Kin gani? Mutum ɗaya, amma ya san abin da yake nema." Na ce, "Na gani, Patron." Ya yi dariya ya ce, "Ni ma na ga naki."

Ko da ruwan shuka ya sauka, mangaza ba komai ciki sai tsintsiya. Mutum ukun nan da suka so a raba buhuna, su suka fara tambayar Baba wace gona za a ware baɗi.

To ga amsar tambayarku. Shafin bincike na wanda ya riga ya san sunan abin da yake so ne, kuma ya iya rubuta shi, kamar ɗan kasuwar Damagaram. Irinsu kaɗan ne a wajenmu, amma in sun zo da gaske suke. Shafin sada zumunta na wanda bai san yana so ba ne sai ya gani, kuma can muryar mutumin da aka sani ta fi duk rubutun da za mu ƙawata. Sai dai yabo ba ciniki ba ne, kada ya ruɗe ku kamar yadda ya ruɗe ni.

Amma babban abin da na koya ba a ordinata, wato kwamfuta, na koye shi ba. A ƙasarmu sau da yawa mai amfani da kaya daban, mai biya daban, suna iya zama da tafiyar kwana biyu tsakaninsu. Shi ya sa duk wanda na ba aiki a cikinku, kafin ya zaɓi kalma ko ya ɗauki hoto, sai ya je inda kayan suke, ya zauna da mutanen, ya ce su nuna masa salularsu. Gobe akwai masu man gyaɗa a Mayahi da ke jiranmu. Ku zo da takalman da za su iya yashi.